Wanne cocin ƙauye zan je in gani a Ingila?

Ɗan'uwa da ka ce kana karatun zanen gine-gine a Newcastle, an ba ku aiki ku nemo ƙaramin cocin ƙauye da aka sake ginawa ku yi rubutu a kansa, kana tambayar wanne za ka je. Ni dai shawarata kar ka wahalar da kanka, hau jirgin ƙasa zuwa Carlisle, daga nan ka nemi ƙauyen Wreay, kamar mil 5 ne ta kudu. Cocin St Mary. Na zauna a yankin nan, na sha shiga, kuma wallahi har yau ban ga ƙaramin gini da ya kama min hankali kamarsa ba.

Tsohon cocin wurin lalacewa ya yi, sai wata mata 'yar garin mai suna Sara Losh ta ce ita za ta sake gina shi da kuɗinta amma fa da sharaɗin a bar ta ta yi yadda take so. An fara 1840 aka buɗe 1842, kuma don tunawa da 'yar'uwarta Katharine da ta rasu 1835 ta yi shi. To lokacin nan kowa a Ingila salon Gotik yake bi, tagogi masu tsini da doguwar hasumiya, ita ko ta ƙi. Abin da ta gano a Italiya ta ɗauko, zaure guda dogo ba kwana-kwana, bakin ƙofa da tagogi duk a zagaye, can ƙurya kuma ginin ya lanƙwasa rabin da'ira kamar mihrabin masallaci, da ginshiƙai a jere da wuraren zama 13 a tsakaninsu.

Kafin ka shiga ɗaga kai ka dubi indararon, akwai kada, akwai maciji, akwai kunkuru, ta bakinsu aka tsara ruwan sama ya zubo. A ciki mumbarin kututturen itace ne guda da aka haƙo daga fadama aka fafe. 'Ya'yan itacen fayin kuwa (pine, itacen nan mai ganye kamar allura) duk inda ka juya sai ka gansu an sassaƙa. Abin da ya fi burge ni ƙananan tagogin ƙuryar nan ne, ba gilashi ba ne, farin dutse ne aka fere shi siriri har haske na ratsa shi, da zanen ganyayen da ake samu a jikin duwatsun ramin kwal.

Abin da nake so ka riƙe a rubutunka, ba ta kwaikwayi tsohon ginin ba, ba ta kuma ɗauko gwanaye daga Landan ba. Dutsen yankin ne, masassaƙan ƙauyen ne irin su William Hindson, shi yasa za ka ga wani aikin bai daidaita sosai ba, kar ka rubuta shi a matsayin kuskure don Allah. Ka tafi da tef ɗin awo da littafin zane, kuma ka duba ranar da akwai rana saboda tagogin nan.