Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya kan takun da waya ke ƙirgawa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce wayarki ba ta kai taku dubu biyu a yini, ta maigidanki kuwa tana haura dubu bakwai, kina tambaya ko duk mata haka suke. Na daɗe ina awon hawan jini a wani ƙaramin asibiti nan cikin Sakkwato, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Wayar maigida a aljihunsa take kwana take tashi. Masallaci sau biyar, kasuwa, jana'iza, ɗaurin aure, duk da ita yake zuwa. Taki fa? Tana kan gado ko a caji, ke kina shara, kina wanki, kina kai-kawo tsakanin madafi da ɗaki. To ba duk abin da ta nuna za ki ɗauka ba.

Sai dai tazarar da ke tsakanin mata da maza gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata 34 cikin 100 ba sa samun motsin da ya kamata, wato aƙalla minti 150 a mako, maza kuwa 29. Masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun duba wayoyin mutum sama da 700,000 a ƙasashe 111 a 2017, suka ga a ƙasashen da bambancin taku ya yi yawa tsakanin jama'a, galibi mata ne aka bari a baya.

Amma a garin nan, in kin ce "mata", waɗanne? Bafulatanar da ke ɗauko ƙwaryar nono tun daga ruga ta zagaye Mabera da Unguwar Rogo, wane namijin ofis ne zai kamo ƙafarta? Waɗanda na fi gani da jini a sama da ciwon gwiwa su ne matan da Allah ya rufa wa asiri: ruwa na zuwa a famfo, niƙa a inji, cefane yaro ya kawo, in za a fita biki keke napep har ƙofar gida. Iyayenmu ma sun yi kulle, amma da daka da surfe da jan guga suka yi shi. Mu aikin ya tafi, zaman ya rage. Maza ma haka ne. Ɗan ga-ruwa da mai turin baro a Babbar Kasuwa ba sa bukatar wanga bayani, Alhajin da ke tura yaro sayen burodi a bakin layi shi ke bukata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dai na ga har masu albashi sun koma taka sayyada, ba don suna so ba.

Akwai kuma idon mutane. Ranar da na fara tafiya wurin aiki a ƙasa, 'yan kabu-kabu sun dame ni da hon, wata maƙwabciya har gida ta biyo ni ta ji ko mun samu karayar arziki. Namiji bai san wannan ba.

Kada ki damu da taku 10,000 ɗin nan, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Ki nemi minti talatin na tafiya da ɗan sauri, kwana biyar a mako. Zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, don haka bayan asuba ko bayan la'asar. Ki nemi yardar maigida ki riƙa zuwa Islamiyya a ƙasa, ke da wata, an fi ƙyale mata biyu. Ranar da ba fita, ki zagaya tsakar gida, wayar ki ɗaure ta a bakin zane.