Amsa: Yaya zama yake a Bar Harbor?

Malam, ka ce an ba ka aikin otal a Bar Harbor, jihar Maine ta Amurka, kana tambayar yadda zaman garin yake.

Garin yana kan tsibiri ne, mazaunansa wajen 5,000. Daga Yuni zuwa Oktoba masu zuwa yawon buɗe ido a gandun dajin Acadia da ke kusa kan cika garin maƙil, ga aiki, amma ɗakin haya sai an tona. Kada ka taso sai mai aikin ya tabbatar maka da masauki a rubuce. Sanyi na shigowa shaguna da yawa su rufe, motocin bas na kyauta su tsaya, a Disamba kuwa wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi.

Mutanen ba su da yawan surutu, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Wani masunci maƙwabcina wata guda yana ɗaga min kai kawai, rannan sai ga shi da lobsta (wani irin babban jatan lande na teku) biyu a bokiti. Amma fa kada ka taɓa tarkon lobstan wani a ruwa, laifi ne babba.

Akwai masallaci a garin Orono, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Batun biza kuma, lauyan shige da fice za ka tuntuɓa, ba dillali ba.