Danna Compile ba shi ne ɗora kontirak a Ethereum ba

Malam, ka ce ka rubuta kontirak ɗinka (shirin kwamfuta da ke aiki a kan hanyar sadarwar Ethereum) da yaren Solidity a shafin rubuta kontirak na Remix, ka danna Compile, koriyar alama ta fito, amma ka duba Etherscan, shafin da ke nuna abin da ke kan Ethereum, ba ka gan shi ba. Ai ba za ka gan shi ba, domin ko ƙofar kwamfutarka bai fita ba tukuna.

Aikin Compile shi ne mayar da rubutunka baitkod, dogon jerin lambobin nan da EVM, injin da ke gudanar da kontirak a Ethereum, ke karantawa. Yana kuma fitar da ABI, jerin ayyukan kontirak ɗin da abin da kowanne ke karɓa. Adana shi, manhajarka za ta neme shi.

Deploy ne ke ɗora shi. Kafin ka danna shi, duba akwatin da ke saman shafin. In Remix VM ke rubuce, gwaji ne kawai a cikin burauza, kuma nan na ga sababbi da yawa sun ruɗe. Don ɗorawa ta gaske, sai ka haɗa walet ɗinka na MetaMask, ya taso yana neman amincewarka. Lura da kyau, wannan turawar ba ta da adireshin mai karɓa, baitkod kawai take ɗauke da shi. Da ta shiga bulok, wato rukunin bayanan da Ethereum ya tabbatar, kontirak ɗin zai samu adireshin kansa, wanda ake lissafawa daga adireshinka da yawan turawar da ka taɓa yi. Kuɗin kuwa, da gas ake auna shi, wato ma'aunin aikin lissafi: gas 21,000 na kowace turawa, 32,000 na ƙirƙira, da 200 kan kowane bait da aka ajiye, ban da sauran ƙananan caji. Girman kontirak ɗin kada ya wuce bait 24,576.

Duk wanda ya kira wani aiki mai canza bayani, kwamfutocin da ke riƙe da Ethereum sai kowacce ta maimaita lissafin, shi ya sa ake biya. Karanta bayani daga waje kyauta ne. In aikin ya faɗi a tsakiya, komai zai koma yadda yake, amma gas ɗin da aka ƙona ya tafi, kamar man motar da ta mutu a hanya.

Abin da ya fi damuna da masu gaggawa shi ne, baitkod ɗin da ka ɗora ba ya gyaruwa. A Nuwamba 2017 kuskure guda a kontirak ɗin walet na Parity ya kulle ETH, kuɗin Ethereum, sama da 500,000. Don Allah ka fara ɗorawa a Sepolia, hanyar gwaji ta Ethereum, da ETH na gwaji, ka turo adireshin mu taya ka kiran kowane aiki.