Amsa ga ƙanena mai shirin yada zango a New York

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma taya ka murna ƙwarai. Ka ce makaranta za ta buɗe a tsakiyar Janairu, kana so ka zo da mako guda kafin nan don ka ga birnin New York sannan ka wuce garin da za ka yi karatu, kana tambaya ko guzurinka zai isa. Zai isa, matuƙar ba ka taɓa kuɗin makaranta ba. Garin nan ba ya cinye kuɗin baƙo lokaci guda, tsakura yake yi, sai mutum ya laluba aljihu ya ji wayam.

Doka ta ba ɗalibi damar shigowa kwana 30 kafin ranar fara karatu da aka rubuta a I-20, wato takardar da makaranta take ba ɗalibin ƙasar waje, don haka makonka ba matsala. Takardar nan da fasfo su zauna a jakar hannunka, kada ka kuskura su shiga akwatin da za a loda. Sai batun tsaraba. Na san Hajiya ba za ta bar ka ka taho haka nan ba, amma ka roƙe ta ta cire kilishi da dambun nama, ba a shigowa da nama. Da idona na ga wani yaro a filin jirgin JFK, jami'i ya warware ƙunshin kilishin da mahaifiyarsa ta naɗe masa a takarda, ya jefa a kwandon shara, yaron yana tsaye idonsa ya ciko. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji galibi suna wucewa, sai dai duk abincin da ke jakarka ka faɗa da bakinka. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

Da ka fito za ka ga masu tare mutane suna tayin mota. Kada ka bi kowa. Tasi mai ruwan ɗorawa tana da layinta, kuɗinta zuwa Manhattan, wato tsakiyar birnin, dala 70 ne, ban da kuɗin gada da ihsanin direba. Ni dai in Allah ya yarda zan zo in ɗauke ka mu hau jirgin ƙasa na cikin gari, domin shi nake so ka fara koyo. Kusan dala 3 ne shiga ɗaya, komai nisan tafiyar, kuma dare da rana yake aiki. Abu biyu kawai za ka riƙe: wanne ne ya nufi arewa wajen yankin Bronx, wanne ne ya nufi kudu, sannan wanne ne mai tsayawa kowace tasha, wanne ne mai tsallake wasu. Ranar da ka gane wannan, ka daina baƙunta.

Maganar otel ma ka bar ta. A Bronx muke, inda 'yan zangon Kumasi da Accra da 'yan Nijar suka taru har kana jin Hausa a bakin shago. Akwai katifa, akwai tuwo.

Sanyin Janairu kuwa ba hunturun gida ba ne. Ruwa ƙanƙara yake zama a gefen titi, iskar da ke ratsowa tsakanin dogayen gine-gine tana yankan kunne. Kada ka sayi rigar sanyi a can, a nan za mu saya mai kauri tare da safar hannu da takalmi. In ka yi alwala ka goge jikinka sosai kafin ka fita. Rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kurkusa, sai ka tsara yawonka a kan haka.

Abin kallo mafi daɗi kyauta ne. Jirgin ruwan Staten Island ba a biyan ko sisi, minti 25 ne, kuma ta gefen mutum-mutumin 'yanci yake wucewa. Duk wanda ya tare ka a bakin tashar wai zai sayar maka da tikitinsa, damfara ce. Gadar Brooklyn, wadda aka buɗe a 1883, da ƙafa ake haye ta. Ranar Juma'a mu yi salla a masallacin Malcolm Shabazz da ke titi na 116 a Harlem, mai koriyar hubba, mu ci shinkafa a wurin 'yan Senegal da ke layin.

Amma wurin da nake so ka tsaya da kyau shi ne maƙabartar 'yan Afirka da ke kudancin Manhattan. A 1991 ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati aka ci karo da ƙasusuwan mutanen da aka binne tun zamanin bauta, daga baya aka sake binne 419 daga cikinsu a 2003. Mutanen nahiyarmu ne, da yawansu a ɗaure aka kawo su, guminsu yana cikin tushen garin nan. Ranar da na fara zuwa na daɗe a tsaye, manyan benaye sun kewaye ni, na rasa abin faɗi sai addu'a. Kai ga shi da ƙafarka za ka shigo, da littafi a hannu.

Wani abu kafin in manta: sau da yawa farashin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba, ana ƙara harajin kusan kashi 9 cikin ɗari a wurin biya, gidan abinci na zama kuma ana barin kashi 15 zuwa 20 ga mai kawo abincin.

Ka turo mini lambar jirginka da lokacin saukarsa da zarar ka yanki tikiti. Ka gaida Hajiya da Baba, ka ce su kwantar da hankalinsu, kana da mai tarbarka.