Katin RAID ɗaya tal: in ya ƙone, bayananmu sun tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. An damƙa min saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis) mai faifan ajiya takwas, kowanne terabait 8, amma katin RAID (na'urar da ke haɗa fayafayan su yi aiki kamar faifai ɗaya) ɗaya ne a cikinta. Ina shirin haɗa su a RAID 5, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya. In katin ya ƙone fa? Wani kuma ya ce min in dai akwai RAID, ba sai an yi bakap ba, wato ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙonewar kati ba ta goge bayanai. Katuna irin su PERC na Dell da MegaRAID suna rubuta tsarin haɗin a jikin fayafayan, don haka in ka saka wani kati irinsa zai gan su a matsayin baƙon tsari, sai ka zaɓi Import, wato ka umarci katin ya karɓi tsarin. Asararka ita ce lokacin da sabar za ta yi a tsaye, saboda haka ka tanadi kati na biyu tun yanzu. Ranar da abin ya faru, kada ka bari wani ɗan gyaran tsiya ya sake ƙirƙirar haɗin ya danna Initialize, wato share fayafayan a fara sabo, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Ka guji RAID 5, domin mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake jurewa. Faifai mai wannan girma yakan ɗauki awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki, kafin a gama sake gina shi bayan an canza wanda ya mutu, kuma in na biyu ya mutu a tsakani, komai ya rushe. RAID 6 yana jure mutuwar biyu, ya bar maka terabait 48. Kada kuma ka kunna Write Back (inda katin ke riƙe bayanai na ɗan lokaci kafin ya rubuta su a faifai) sai batirin katin yana da lafiya, in ba haka ba ɗaukewar wuta za ta tafi da abin da bai kai faifai ba.

Amma maganar wancan mutumin ce ta fi tayar min da hankali, don kullum sai na ji ta. RAID ba bakap ba ne! Aikinsa shi ne sabar ta ci gaba da aiki in faifai ya mutu, shi ke nan. In ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, nan take gogewar za ta shiga duk fayafayan. In manhajar 'yan neman kuɗin fansa ta kulle bayanai, katin zai rubuta kullallun tsaf, bai san abu ya lalace ba. In katin da kansa ya fara rubuta shirme kafin ya mutu, ba wani na biyu da zai tsayar da shi. Gobara ko ɓarawo kuwa akwatin gaba ɗaya suke ɗauka. Wallahi masu yaɗa wannan magana ba su taɓa tsayawa gaban mutumin da aikinsa na shekaru ya salwanta ba.

Ka ajiye kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam kuma ba a jone da sabar ba. Lokaci-lokaci ka gwada dawo da bayanai daga gare shi, sannan ka saita saƙon gargaɗi na katin ya riƙa shigo maka ta imel.