Tambaya da Amsa: Wa ke turo mana waɗannan bidiyoyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. A zauren WhatsApp na 'yan layinmu kullum sai an turo bidiyon cewa wasu ɓoyayyun Turawa ne ke juya komai, daga tsadar fetur har 'yan bindiga. Na ce ƙila daga waje ake haɗa bidiyoyin, aka ce gwamnati ta saye ni. Da gaske akwai ƙasashen da ke wannan aikin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Akwai su, kuma an sha kama su.

A watan Mayun 2016, a birnin Houston na Amurka, wani shafin Facebook ya kira gangamin ƙin jinin Musulmi a ƙofar wata cibiyar da'awa. Wani shafin kuma ya kira Musulmi su fito kare ta, rana ɗaya, wuri ɗaya. Mutane suka fito suna ta zagin juna. Ashe shafukan biyu duk wani kamfani ne a St. Petersburg ta Rasha ke tafiyar da su, wanda wani attajirin Rasha, Yevgeny Prigozhin, ke ɗaukar nauyinsa a lokacin. A Maris 2020 Facebook ya rufe wasu shafukan da aka ɗauki matasa haya a Ghana da Najeriya suna yi wa mutanen Rasha irin wannan aiki. Ba Rasha kaɗai ba ce kuma: a 2019 an kori kamfanin Archimedes na Isra'ila daga Facebook kan shafukan bogi da suka tsoma baki a siyasar Afirka, har da zaɓenmu.

Sai dai 'yan layinku ba wawaye ba ne. A nan Kano, a 1996, Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yara 11 suka rasu. Wanda ya san wannan, ba a shan wahalar shawo kansa cewa Bature na da wata manufa. Masu wannan sana'a ba sa ƙirƙiro miki, wanda suka tarar suke famawa. Sukan shiga zaure su yi watanni suna cewa "gaskiya ne wallahi", sai an saba da su sannan su fara zubo nasu kayan.

Kada kuma ka ɗora wa baƙi komai. Labarin Jubril na Sudan, wato jita-jitar cewa Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani mai kama da shi, da ya sa Buhari ya fito a 2018 yana cewa shi ne ba wani ba, namu ne suka dafa shi.

Ka bar musu a zaure, ba ka cin riba. Ka bi bidiyon zuwa shafin da ya fara sa shi. A manyan shafuka Facebook na nuna ranar buɗewa, tsofaffin sunayen shafin, da ƙasar da masu kula da shi suke. Ka ɗauki hoton wurin ka tura wa wanda ya turo bidiyon, shi kaɗai, don a gaban jama'a ba zai taɓa janyewa ba.