Ruwa da Furotin Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga mutanen da aka yi wa tiyatar rage ƙiba da masu jinyarsu. Da yawansu Masar, Turkiyya ko Indiya suka je aka yi musu aikin, aka sallamo su da takardar abincin da ba ta san kunu ba balle fura, suka dawo gida babu mai bibiyar lafiyarsu. Wannan na damuna ƙwarai, domin nasarar aikin ta rataya ne a kan abin da ke shiga baki a watannin farko. Inda amsata ta saɓa da umarnin likitan da ya yi muku aiki, ku bi nasa, shi ya ga cikinku.

Assalamu alaikum Likita. Kwana goma ke nan da aka yanke mini tumbi. An ce in riƙa shan ruwa sosai, amma da na kurɓa sau biyu sai in ji ƙirjina ya cika. Idan na miƙe jiri nake gani, fitsarina kuma ya yi ja. Ya zan yi? (Wata uwargida, Kano)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Jiri da jan fitsari alamu ne na ƙarancin ruwa a jiki, wanda yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko. A irin aikin da aka yi miki, wanda ake kira silif, ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi. Abin da ya rage siririn bututu ne, kuma har yanzu a kumbure yake saboda ɗinki. Kafa kai a shanye kofi a numfashi ɗaya ya wuce ke nan.

Jikinki na buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ruwan leda uku zuwa huɗu. Ga lissafin: cokalin cin abinci biyu mililita 30 ne. Idan kina shan wannan kowane minti 15 daga asuba zuwa bayan isha'i, kin haura lita ɗaya da rabi. Kamar ban-ruwan dashe ne, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kada ki jira ƙishirwa, domin idan ta zo ba ki da wurin da za ki rama abin da ya wuce ki. Ki ajiye gora kusa da ke, ki sa waya ta riƙa tuna miki.

Wasu ruwan sanyi ke ƙulle musu ƙirji, mai ɗumi ya wuce lafiya, wasu kuma akasin haka. Ki gwada. Idan zallar ruwa na tayar miki da zuciya, ki jefa ganyen na'a-na'a a ciki, ko ki sha tataccen romon kaza wanda aka kwashe kitsensa, ba yaji. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ma yana taimakawa. Lemo mai gas kuwa ki manta da shi, iskarsa na kumbura tumbin ta jawo ciwo. Idan kina shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko allurar ciwon sukari, ki tuntuɓi likita yau ɗin nan, sau da yawa sai an rage su bayan aiki.

Tunda har jiri ya fara, idan kika wuni kika kwana ba ki iya shan lita ɗaya ba, ko kika yi awa takwas babu fitsari, ki je asibiti a yi miki ƙarin ruwa. In kuwa zuciyarki na bugawa fiye da sau 120 a minti, ko ga zazzaɓi, ko ciwon ciki na ƙaruwa, ko ciwo a kafaɗar hagu, kada ki jira gari ya waye. Yana iya zama ɗinkin ne ke yoyo.

Likita barka da aiki. An ce in sayi garin furotin. Na je kanti na tarar da su kala-kala. Wani abokina mai ɗaga ƙarfe ya ba ni nasa, matata kuma ta ce kolajin ya fi, har fata yake gyarawa. Wanne zan ɗauka? (Wani magidanci, Kaduna)

Malam, ka fara da sanin dalilin shansa. Furotin shi ne sinadarin abinci mai gina jiki. A watannin farko abincin da kake ci bai kai rabin na da ba. Jiki zai ƙona kitse, abin da ake so ke nan, amma idan furotin bai ishe shi ba zai haɗa da tsoka. Daga nan sai kasala, rauni ya ƙi warkewa, fuska ta zabge. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni ke bi ita ce aƙalla giram 60 a yini, yawanci 60 zuwa 80, namiji mai tsawo ma ya fi haka. Tumbin da bai ɗaukar fiye da 'yan cokula ba zai samo wannan daga abinci kaɗai ba, shi ya sa ake cikewa da gari.

Na abokinka, ka juya bayan robar ka karanta. Da yawa daga na masu ɗaga ƙarfe an yi su ne don ƙara nauyi, cike suke da sukari da sitaci, ludayi ɗaya na iya ɗauke da kalori ɗaruruwa. Wannan kishiyar abin da aka yi maka aiki dominsa ne. Shi kuma kolajin furotin ne, amma bai cika ba. Akwai ƙwayoyin gina jiki guda tara da jiki ba ya iya ƙerawa sai daga abinci, kolajin ya rasa guda ɗaya daga cikinsu kwata-kwata, wasu kuma kaɗan ne a cikinsa. Ba ya gina tsoka yadda ake buƙata, don haka kada ka lissafa shi cikin giram 60 ɗin. Sannan wani daga fatar alade ake yin sa, sai an duba.

Wanda na fi ba da shawara shi ne wanda ake tacewa daga ruwan da ke saura idan an yi cuku. A jikin robar za ka ga an rubuta whey isolate. Kusan kashi 90 cikin ɗari nasa furotin ne, sukarin madara kaɗan ne a ciki, yana narkewa da sauƙi. In bai samu ba, na waken suya ko na farin ƙwai su ma cikakku ne. Ka duba ludayi ɗaya ya ba da giram 20 zuwa 30 na furotin, sukari kada ya wuce giram 5. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa, da tambarin halal, kuma hatimin bakin robar ya kasance ba a taɓa shi ba, domin jabu ya yi yawa. Wanda ake aunawa a leda ba suna ba lamba, ka bar musu kayansu. Ka fara da ƙaramar roba, saboda ɗanɗano na canzawa bayan aiki, abin da ka so jiya gobe ka ji zaƙinsa ya ishe ka.

Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya bi waɗannan alƙaluma, likitansa ne zai yanka masa nasa.

Likita ina jinyar mahaifiyata, sati uku da aiki. Garin nan ya fi ƙarfin aljihunmu. Kunu da fura da nono ba za su wadatar ba? (Wata 'yar'uwa, Maraɗi)

Allah ya saka miki da alheri, ya ba Mama lafiya. Kunun gero, koko da fura yawancinsu sitaci ne. Za su cika mata ɗan tumbin nan, ta ji ta ƙoshi, alhali abin da zai gina ta bai shiga ba. Kunun gyaɗa ya ɗan fi, sai dai mai ya yi masa yawa, ga sukarin da ake zuba masa. A cikin fura da nono, nonon ne mai amfani a gare ta.

Ana iya haɗa abu mai kyau a gida. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, mililita 250, na da furotin kamar giram 8. Idan kika zuba kindirmo a farin ƙyalle mai tsabta ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage ya fi kauri, furotin ɗinsa kuma ya ƙaru sosai a kowane cokali. Garin madara marar kitse, cokali huɗu, na ƙara kamar giram 10, kina iya dama shi cikin kindirmon ko cikin kunu mai ruwa-ruwa. Amma ki lura, madarar gari da ake aunawa a kasuwa sau da yawa an cire man shanunta an sa man itatuwa, furotin ɗinta bai kai ba. Ki karanta jikin gwangwani. Ƙwai ɗaya na da furotin giram 6. A sati na uku zuwa na huɗu yawanci an shiga matakin abinci mai laushi kamar na yaye, don haka ki ba ta ƙwai mai taushi, dafaffiyar awara wadda ba a soya ba, alale marar mai da yawa, da kifi ko kaza da aka dafa aka markaɗa da romo. Duk lokacin ci a fara da waɗannan, in wuri ya rage a sa wani abu. Kada ta haɗa ci da sha, ta bari sai bayan minti 30 da gama ci.

Nonon kasuwa wanda ba ki san yadda aka yi shi ba, ki kiyaye. Wani ba a tafasa madarar ba, wani an tsinka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba, kuma gudawa a wannan hali na iya kwantar da ita cikin yini guda. Tsire, kilishi, tuwo, burodi da shinkafa su jira tukuna, suna tsayawa a ƙirji.

Duk da haka, idan da hali ko roba ɗaya ce a saya mata, domin a watanni biyun farko da wuya ta kai giram 60 da abinci zalla. Akwai kuma abin da ba a yin tsimi a kansa, wato ƙwayoyin bitamin da aka rubuta mata, da B12, da kalsiyam, da maganin ƙarin jini. Na har abada ne. A raba kalsiyam da maganin ƙarin jini da awa biyu, domin ɗaya na hana ɗaya shiga jiki.

Likita, baifas aka yi mini wata biyu da suka wuce. Na sha zoɓo mai sanyi a wurin biki, ba a jima ba zufa ta karyo mini, gabana na faɗuwa, cikina na murɗawa. Aikin ne ya lalace? (Wata amarya, Zariya)

Aikin bai lalace ba, ƙanwata. A baifas ana barin 'yar jakar tumbi mai ɗaukar kamar mililita 30, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Idan abu mai sukari ya zazzago cikin hanjin farat ɗaya, sai ya janyo ruwa daga jini zuwa cikinsa. Cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa, faɗuwar gaba, murɗa da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ya yi yawa sukarin ya faɗi, sai rawar jiki da duhun gani. Zoɓon biki, kunun zaƙi, kunun aya, lemon kwali, zuma da shayi mai kauri duk suna jawo shi. Ki dafa zoɓonki a gida ba sukari, ki tsinka shi. Idan abin ya zo, ki kwanta har ya lafa. In yana maimaituwa ko ya kai ki ga suma, a gwada sukarin jininki.

Garin furotin na kumbura mini ciki, kuma idan na zuba a shayi sai ya dunƙule. (Wani matashi, Jos)

Mai yiwuwa sukarin madara ne jikinka ba ya narkarwa, abin da ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, kuma tiyata na ƙara fito da shi. Ka koma wanda aka tace sosai ko na waken suya. Dunƙulewa kuwa zafi ne ke jawo ta. Ka fara dama shi da ruwa marar zafi, sannan ka zuba mai ɗumi a hankali. Abin da ka dama, in babu wuta firji bai yi sanyi ba, kada ya wuce awa biyu a ajiye.

Likita, yayana na amai kullum tun sati uku bayan aiki. Yanzu ƙafafunsa na dindiris, yana tangaɗi, yana mantuwa. A gida an ce iska ce. (Wani ɗan'uwa, Sakkwato)

Ku kai shi babban asibiti yanzu, ina roƙonku. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku, amai mai tsawo na ƙarar da ita, kuma rashinta na taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Idan aka makara, illar na iya zama ta dindindin. Ku faɗa wa likita an yi masa tiyatar tumbi, ku roƙi a yi masa allurar B1 kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari, domin sukarin na ƙara tsananta matsalar. A kuma binciki dalilin aman, wataƙila hanyar ce ta tsuke. Ku yi masa addu'a a kan hanya, amma kada ku kwana da shi a gida.

Wata biyar da aiki. Zan iya yin azumi? (Wani Alhaji, Maiduguri)

Alhaji, shawarata ka dakata. Likitoci da yawa na hana azumi a shekarar farko bayan wannan aiki. Tsakanin magariba da asuba ba za ka iya kurɓar lita biyu, ka ci giram 60 na furotin, ka raba ci da sha, ka kuma yi barci ba, balle a garin da zafi ke haura digiri 40. Ƙarancin ruwa na kawo tsakuwar ƙoda, yunwar buɗa-baki kuma na sa a ci da gaggawa a yi amai. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya, ka tambayi malaminka yadda hukuncin ya shafe ka. Idan shekara ta cika, aka gwada jininka aka ga komai daidai, sai ka gwada na yini ɗaya tukuna. Ka buɗe baki da ruwa kurɓi-kurɓi, ka jira rabin awa, ka fara da ƙwai ko kifi, ka kuma ajiye garin furotin ɗinka don sahur.